Haƙorin Hulusi

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da littafin kuɗi
a kamfanin ɓauren Hulusi, a Nazilli,
inda ake shanya ɓaure a rana har ya yi zuma,
a jera shi a kwali, ya hau jirgin ruwa daga Izmir.
Na san muryar mutumin nan
kamar yadda ƙafata ta san matakalar gidanmu a duhu.

Ran Talata, ƙarfe huɗu saura, waya ta yi ƙara.
"Perihan, 'yata," in ji shi,
sai ya yi tarin nan nasa, biyu, gajeru,
gadon tabar da ya bari tun kafin a haifi jikarsa.
Wai yana Hamburg, kamfanin jirgi ya sauya banki,
a tura kuɗin kwantena uku kafin a tashi aiki.
"Kar ki jira Doruk, yaron nan jan ƙafa gare shi."

Na buɗe shafin. Na zuba lambobin.
Yatsana yana bisa maɓalli
sai kunnena ya ce akwai abin da ya ɓace.
Ran Juma'a aka cire masa haƙorin gaba,
tun daga ranar maganarsa take fita da ɗan fito,
har muka yi ta dariya wajen shan shayi.
Bakin da ke cikin wayar nan haƙoransa cif suke.

Na ce, "Yaya dasashin?"
Aka yi shiru, shiru mai tsabta,
babu ko numfashi a cikinsa.
"Lafiya lau, 'yata. Ki tura."

Na kife wayar. Gwiwata ta yi sanyi.

Doruk ya zo da kwamfutarsa a hammata.
Ya ce daga bidiyon baje kolin bara aka tsinto muryar,
jawabin minti uku ya ishi ƙirƙirarriyar basira
ta haddace dattijo, har da tarinsa.
Da can, in ji shi, ɓarawo kan aiko wasiƙa
da Turkanci mai ɗingishi, kana gani ka san baƙo ne.
Yanzu wasiƙarsa ta fi tamu ladabi.
Ta san sunan direbanmu, ta san ranar albashi,
tana ƙwanƙwasa ƙofa dubu a dare guda
kuma ba ta hamma.

To, muka sayo 'yar'uwarta ta yi mana gadi.
Uwa ɗaya ta haifi kura da karen,
mu ne akuyar da ke tsakani.
Mai gadin ba ta san sani ba:
makon jiya ta kulle Hulusi na gaske a waje
don ya leƙa asusunsa ƙarfe ukun dare, barci ya ƙi zuwa.
Da safe ya iso yana zagin na'ura da fitonsa,
ni kuwa daɗi na ji, na san wannan namu ne.

Amma wata mai zuwa za a dasa masa sabon haƙori.

Sai muka ajiye kalma tsakaninmu,
ba a takarda ba, ba a waya ba,
a bakin rumfar shanya ya raɗa min ita:
sunan jakin da ubansa ke kai ɓaure kasuwa a kansa.

Jiya ya kira, yana son a biya manoman Sultanhisar.
Na ce, "Jakin fa?"
Ya yi tari biyu. Ya yi shiru, mai numfashi.
Shekararsa saba'in da huɗu.
"Perihan, ya kwanta min. Ni ne fa."

Shi ne. Har cikin ƙashina na san shi ne.
Ban tura ba.
Na ɗauki jakata na tafi gidansa a ƙafa.